Madaci a Wutsiyar Jirgi

Ranar da Auta ya ce jirgin sama zai ƙera, Kafinta bai yi masa musu ba. Ya san ɗansa. Wanda tun yana rarrafe in an ce kada ya taɓa wuta sai ya taɓa, ba yanzu da ya zama magidanci za a fara hana shi abu ba. Gyaran firji yake yi, aikinsa na tafiya, ba ya roƙon kowa. Abin da Kafinta ya yi kawai shi ne ya janye gadaje da kujerun da ke jibge a bayan shagonsa, ya share wurin, ya ce, "A nan za ka yi shi."

Uwar yaran ta ɗauka goyon baya ne, ta ɗaure masa fuska har ta gaji. Shi kuwa tunaninsa daban ne. Abin da kake tsoro gara yana gaban idonka. In jirgin yana shagonsa, babu sandar da za a liƙa bai gani ba.

Jirgin na mutum ɗaya ne, na katako da yadi, da ɗan inji a hanci. Auta ya sayi zanensa, ya manna takardun a bango, ya kuma shiga cikin wasu masu irin wannan sha'awa da ke haɗuwa a wani fili bayan gari, inda wani tsohon makanikin jirage yake duba aikin kowa kafin a bar shi ya tashi. A can ya koyi tuƙi. Da yamma in ya taso daga aiki sai ya biyo shagon, ya tuɓe riga, ya kama.

Kayan aikin da zanen ya ambata, rabinsu babu su a kasuwa, don haka abin da ke kusa da hannu shi aka mora. Auta ya yanka bututun roba zobe-zobe, ya tsaga kowane zobe a gefe ɗaya, suka zama abin matse katako. Da ba su isa ba ya kwashe maƙalen shanyar uwarsa, har yau tana cigiyarsu. In zai lanƙwasa siririyar sanda, sai ya zura ta cikin dogon bututun ƙarfe, ya ɗora bakin bututun a kan butar shayi tana tafasa, tururi ya ratsa ta, ta yi laushi kamar igiya. Gam ɗin kashi biyu ne da ake haɗawa, da sirinji yake auna su. Yana shimfiɗa leda a kan tebur don kada aikin ya kama teburin. Wajen daidaita tsayin gefe da gefe kuwa, doguwar tiyo mai haske ya cika da ruwa, ya ɗiga shuɗin wanki a ciki don a riƙa ganin inda ruwan ya tsaya.

Kafinta yana kallon duk wannan daga bencinsa. Wani abin ya burge shi, har ya saci dabarar zoben roba yana matse ƙofofin kabad da ita, bai dai faɗa ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne katakon kansa. Fari ne, ba nauyi, an kawo shi daga nesa a naɗe kamar magani. Sanduna huɗu ne dogaye suka taso daga bayan kujerar matuƙi har wutsiya, su ne ƙashin bayan jirgin, kuma kowace ba ta fi kaurin babban yatsansa ba.

"Ko akurkin kaji ba zan yi da wannan ba," in ji shi wata rana.

"Baba, kaji ba sa tashi sama," Auta ya ce, bai ɗago ba.

Maƙwabcinsu Mai Walda, wanda shi ya yi wa jirgin ƙafafu da mazaunin inji, yana tsaye a bakin ƙofa. Sa'an Kafinta ne, sun daɗe suna tsokanar juna a kan itace da ƙarfe. Ya ce, "Ka bar Kyaftin ya yi aikinsa. Kai da ka saba yin gadon da sai ƙarti shida sun ɗauka, ina ka san abin tashi?"

"Gadona ya taɓa karyewa da wani?"

"A'a. Bayan masu ɗaukarsa ne ke karyewa."

Da aka gama fukafukai, aka gwada su a gaban Kafinta. Aka kifa su a kan jakuna biyu na katako, irin waɗanda kafintoci ke ɗora aiki a kansu, aka riƙa jera buhunan yashi a kai, fiffike yana lanƙwasa a hankali, Kafinta yana riƙe da ƙirji. Da aka sauke yashin ya koma daidai kamar ba a taɓa shi ba. Wannan ya ɗan kwantar masa da hankali ta wajen fukafukai. Amma wutsiya ba a ɗora mata yashi ba. Da safe, kafin kowa ya zo, sai ya sa hannu ɗaya ya ɗaga bayan jirgin, ya ji kamar kwandon da babu komai a ciki. A kan wannan ɗansa zai zauna, tsakaninsa da ƙasa babu komai sai iska.

Sai ga dama ta zo da ƙafarta. Lokacin rufe bayan jirgin da siririn filawud ya yi, aiki ya yi wa Auta yawa don zafi ya shigo, firji na ta lalacewa. Ya ce, "Baba, hannunka ya fi nawa wajen liƙa falle. Ka rufe min sama da ƙasa, ga ma'aunin nan a bango."

Kafinta ya ce to.

Ya rufe ƙasa yadda aka ce. Kafin ya rufe sama, ya tsaya ya daɗe yana duban cikin. Sannan ya je lungun da yake ajiye guntayen madaci, jan katakon nan mai nauyi da yake ƙafafun gado da shi. Ya fere dogaye guda huɗu, ya liƙa wa kowace sanda ɗaya a jikinta daga ciki, tun daga tsakiya har ƙarshen wutsiya. Kowace kusurwa ya cusa mata ɗan toshi. A can ƙarshe, inda sandunan suka haɗu, ya zauna da wani gungume mai kauri, ya cika shi da gam har yana tsiyaya. Aiki ne mai kyau, ko reza ba za ta shiga tsakani ba. Ya rufe, ya goge da samfefa. Da ya ɗaga wutsiyar ya ji ta yi ɗan nauyi a hannu, ya ce a ransa, yanzu ne aka yi abu. A wannan makon ya ci abinci sosai, har uwar yaran ta tambaye shi ko wani albishir aka yi masa.

Auta bai lura ba. Tun daga lokacin jirgin yana kan jakuna, ba a ɗaga shi. Aka lulluɓe shi da yadi, Auta ya ari dutsen gugar matarsa yana bi a hankali, yadin yana tsukewa har ya ɗaure kamar fatar ganga. Aka yi fenti, aka ɗora inji da farfela, aka sa fukafukai a filin bayan shago. Saura awo, sannan a kira tsohon makaniki.

Ran awon Auta ya zo da sikeli uku irin na gwada nauyin mutum, ɗaya na gidansa, biyu aro daga mai kemis. Mai Walda ya hau kowanne don a ga ko bakinsu ɗaya.

"Duk maƙaryata ne," in ji shi da ya sauka, "amma ƙaryarsu ɗaya."

Aka tura jirgin, taya biyu na gaba kowace a kan sikelinta, ƙaramar tayar wutsiya a kan na uku, wanda aka ɗora bisa wani akwati don jirgin ya miƙe kamar yana cikin tafiya. Auta ya ɗaura noti a zare ya sako shi daga gaban fiffike, ya yi alama da alli a ƙasa, ya ja awo. Sannan ya shiga ya zauna, ya ce a karanta masa.

Mai Walda ya karanta na dama, ya karanta na hagu. Da ya tsuguna a na wutsiya ya faɗi abin da ya gani, Auta ya ce, "Sake dubawa."

Ya sake. Auta ya fito ya duba da kansa. Aka musanya sikelin da wani, bai canza ba. Wutsiyar ta ɗara abin da zanen ya ce nesa ba kusa ba.

"Kyaftin, jirgin nan naka ƙugu ya yi," in ji Mai Walda. "Me kake ba shi?"

Auta bai yi dariya ba. Ya zagaya, yana ƙwanƙwasa jikin jirgin da ɗan yatsa. A gaba yana amsawa kamar ƙwarya, a baya kuwa sautin ya toshe. Akwai wata 'yar ƙofa da aka bari a gefe don duba wayoyin da ke juya wutsiya. Ya buɗe ta, ya ɓalle madubin babur ɗinsa ya zura, ya haska da fitilar waya. Ya daɗe a tsugune. Ja ne ya cika madubin, kuma mutum ɗaya ne yake aiki da madaci a duk layin.

Kafinta yana tsaye, hannu a baya. Bai jira an tambaye shi ba. "Ƙarfi na ƙara masa," ya ce.

Auta ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga wa uban murya ba. Ya ɗauko wani falanki ya ɗora tsakiyarsa a kan guntun bututu, ya tsaya daidai. Ya ajiye guduma kusa da tsakiya, falankin ya ɗan motsa kawai. Ya ɗauke ta, ya ajiye ƙaramin cizal, ƙarfen sassaƙa, a can ƙarshe, nan take wancan bakin ya ɗaga sama.

"Haka jirgi yake, Baba. A kan fiffike yake rataye. Abu kaɗan a wutsiya ya fi abu mai yawa a tsakiya. Da na tashi da shi haka, hanci zai ɗaga. In tura sandar tuƙi gaba, ya ƙi sauka. Ya yi ta ɗagawa har gudu ya ƙare masa, ya tsaya a sama." Ya ɗauke cizal ɗin, falankin ya faɗo ya bugi ƙasa. "Ba karyewa zai yi ba. Lafiyarsa lau zai faɗo da ni."

Kafinta ya dubi falankin.

Mai Walda ya yi gyaran murya. "To a rama mana. A ɗaura masa tsohon batir a hanci, gaba da baya su yi kunnen doki."

"Injin ƙarami ne, Kawu. Da ni da mai, da ƙyar muke cikin abin da zai iya ɗauka. Ba a ƙara komai. Sai dai a cire." Ya juya ga Mai Walda sosai, kamar uban ba ya wurin. "Akwai wuri a bayan garejinka? Gobe in kawo mota mu kwashe shi."

Nan ne Kafinta ya ji abin ya soke shi. Garejin Mai Walda ba nisa, amma katanga ce da ƙofar ƙarfe. Za a ƙarasa jirgin a can, wasu hannuwa su taɓa shi, shi kuwa sai dai ya ji labari.

"Ni na sa, ni zan cire," ya ce.

"Baba, wannan gam ɗin ba irin naka ba ne da ruwan zafi ke saki. Katako yana karyewa kafin shi ya saki."

"Ba ɓamɓarewa zan yi ba. Ferewa zan yi, kaɗan-kaɗan, har in iso farin."

"In cizal ya ci sandar fa? Ko ƙwarzane ne, ta tashi daga aiki. Sai an sake bayan gaba ɗaya."

"Tun ba a haife ka ba nake riƙe da cizal."

Mai Walda ya ce, "Ka ba shi, Kyaftin. Tsohon nan in ya ce zai aske ƙuda, zai aske shi."

"Shi ke nan," in ji Auta. "Amma in sandar ta taɓu, Baba, ba zan sake gina shi a nan ba. Kada ka ga kamar rashin kunya ne."

"Na ji."

Aka cire fukafukai aka mayar da jirgin ciki. Auta da kansa ya yanke yadin bayan, ya ɓare fallen sama, jan aikin uban ya fito fili. Mai Walda ya leƙa ya ce wallahi ko giwa ta hau wannan wutsiya sai dai ta gaji ta sauka.

Kafinta ya ajiye duk wani aiki. Mai kabad ya zo, ya ce masa ya dawo wani makon. Ya wasa cizal uku har suna aske gashin hannu. Ya sami siririn gwangwani ya yanka, yana rufe duk inda farin katako yake kusa da bakin cizal. Ba ya bugu da guduma, da tafin hannu yake turawa, jan ɓawo yana naɗewa yana faɗuwa kamar bawon albasa. In ya kusa layin gam sai ya ajiye cizal, ya ɗauki guntun gilashi yana kankarewa, sannan samfefa da ya liƙa a kan ɗan katako. Gungumen ƙarshe ya fi ba shi wuya, sai da ya huda shi da ƙananan ramuka ya riƙa cinye shi daga tsakiya. Da yamma Auta yana zuwa ya shafa da yatsa, ya haska, ya ce, "Sannu, Baba," ya tafi. Ɓawon da aka tara a buhu kuwa kullum ƙara nauyi yake.

Sanduna uku suka fita tas. Ta huɗu, ta sama a hagu, saura kamar tsawon hannu.

Da hantsi ne, shagon babu kowa, sai ƙarar injin Mai Walda daga nesa. Madacin da ya rage ya yi siriri kamar takarda. Kafinta ya sa bakin cizal a ƙarƙashinsa, ya ɗan ɗaga don ya ga inda layin yake. Abin da bai yi ba tun da ya fara. Ya ji ƙas, ƙaramin sauti, kamar an karya tsinken sakace.

Ɓawon ya taso, a bayansa kuwa da farin katako manne, siriri, tsawon ɗan yatsa. Ya bi jijiyar sandar ya tsage.

Ya ajiye cizal ɗin. Ya sa yatsa ya shafa. Ramin bai kai zurfin farce ba, kuma ta ciki yake, ta ƙarƙashi, inda sai an kwanta an leƙa da fitila za a gani. Auta yakan shafa sama da gefe ne.

Kowane kafinta ya san maganin irin wannan. Garin katakon da ya fito daga jikin itacen, a kwaɓa da gam, a cusa, a bari ya bushe, a goge. Ya yi wa tebura da ƙofofi haka ba adadi, masu su har yau ba su sani ba. Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya goga samfefa a kan wani guntun farin katakon, ya tara garin a murfin gwangwani, ya auna gam da sirinji, ya kwaɓa. Launin ya fito daidai, ko shi da ya haɗa ba zai bambance ba. Ya ɗebo a bakin wuƙa, ya durƙusa, ya kai hannu ƙarƙashin sandar.

A durƙushen ya tsaya. Daga nan ƙasa yana hango bayan kujerar matuƙi, da wayoyin da suka taho daga wajen ƙafafu suka wuce ta gefen kansa zuwa wutsiya. Tebur in an cike masa rami, kwano kawai zai ɗauka. Wannan sandar bai san me take ɗauka a sama ba. A da yana ganin ya sani.

Gam ɗin ya fara kauri a bakin wuƙar. Ya bar shi ya yi. Da ya daskare ya goge wuƙar a jikin buhu, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya zagaye tsagar da baƙin layi mai kauri, ya ja kibiya a gefen sandar har sama inda ido zai fara sauka. Sannan ya koma bencinsa ya zauna. Uwar yaran ta aiko da abinci, ya ce a mayar.

Da yamma Auta ya shigo, ya gaishe shi, ya nufi jirgin. Ya ga kibiyar. Ya bi ta, ya kwanta a ƙasa, ya haska. Ya sa farce a ramin. Murfin gwangwanin yana nan kusa da kansa, da busasshen kwaɓin a ciki. Ya ɗauka ya juya shi, ya dubi launin, ya dubi sandar, ya ajiye.

"Ta tashi daga aiki," ya ce.

"Na sani."

"Sai an sake bayan."

"Na sani."

Auta ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar jirgin. Kafinta yana jira ya ji ko za a ce wani abu game da wurin da za a sake ginin, bai kuwa tambaya ba. Daga baya Auta ya ciro waya ya kira Mai Walda, ya ce a share bayan garejin.

Washegari motar ɗaukar kaya ta zo. Aka fara kai fukafukai, aka dawo. Gangar jirgin ta fi bayan motar tsawo, da aka ɗora ta wutsiyar ta leƙo waje sosai, ga ta a buɗe, tana rawa ko mota ba ta motsa ba. Direba ya ce in ba wanda zai riƙe ta, shi ba ruwansa da abin da ramukan hanya za su yi.

"Ni ƙafata ba ta hawa mota," in ji Mai Walda. "Kyaftin kuma zai riƙe inji a gaba."

Kafinta ya riga ya kama ƙarfen motar. Ya hau da ƙyar, ya zauna a bakin, ƙafafunsa na lilo, ya rungumo wutsiyar a cinyarsa.

"Kai, a bincike aljihunsa," Mai Walda ya ce. "Kada mu isa mu tarar ya yi mata ƙafafun gado."

Direba ya tayar da mota. Auta ya leƙo ta saman kujerar jirgin, ya ga yadda hannuwan uban suka damƙe sandunan har jijiyoyi sun tashi.

"Baba," ya ce, "tallafe kawai. Kada ka matse."

Kafinta ya sassauta yatsunsa. Motar ta fita daga layin a hankali, ta hau titi.